Yadda Ake Ƙara wa Furosesa Gudu da Saita RAM Ba Tare da An Ƙona Komai Ba

Akwai tambayoyi biyu da mutane ke yawan yi mini a kan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato CPU) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita), waɗanda suka ƙi ƙarewa. Ta farko: "Na sayi RAM mai 3600 a jikin kwali, amma 2133 kwamfuta take nuna mini, cuta ta aka yi?" Ta biyu: "Wace lamba zan sa a Vcore in samu 5 GHz?" (Vcore shi ne ƙarfin wutar da ake ba furosesa.) Na amsa wa wannan, na amsa wa wancan, har na ga gara in zauna in jera aikin daga tushe kamar yadda nake yin sa da hannuna. Maganar kwamfutar tebur nake yi. Laftof ba ta cikin lissafi, don ba ta da inda za ta zubar da ƙarin zafi.

Ka fara sanin abin da za ka samu. Furosesocin yanzu da kansu suke tashi kusa da iyakarsu, abin da hannu zai ƙara musu 'yan kashi kaɗan ne cikin ɗari. Ribar da ta fi tsoka tana wajen RAM da wajen rage zafi. Kuma duk aikin a kan ƙa'ida ɗaya ya tsaya: ka canja abu guda, ka rubuta a takarda, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Wanda ya canja abu biyar a zama ɗaya, ranar da Windows ta faɗi allo ya yi shuɗi ba zai san wanne ne mai laifi ba.

Mataki na 1: Duba ko kayanka sun yarda

Sauke manhajar CPU-Z, mai nuna bayanan kayan cikin kwamfuta, ka buɗe, ka rubuta sunan furosesa, sunan madabod (babban faifan da ake haɗa komai a kansa) da lambar BIOS ɗinsa (manhajar saitin da ke cikin madabod), da abin da shafin SPD ya faɗa a kan RAM.

A ɓangaren Intel, furosesa mai harafin K ce ake ɗaga wa gudu, kamar i5-12600K ko i7-13700K, kuma sai a kan madabod mai harafin Z, irin su Z690 da Z790. Idan naka B660 ne ko B760, furosesa a kulle take amma ƙofar RAM a buɗe, sai ka yi matakan RAM ka tsallake na 8. A ɓangaren AMD, kusan duk Ryzen a buɗe suke a kan madabod na B da X, wato su B450, B550, X570, B650 da X670. Masu X3D a ƙarshen suna dabansu: 5800X3D da 7800X3D ba su yarda a ɗaga musu lamba da hannu ba, rage musu wuta ne hanyar. Kwamfutar ofis da aka saya a haɗe kuwa, yawanci BIOS ɗinta ba shi ma da shafukan yin waɗannan saituka.

Mataki na 2: Haɗa kayan aiki

Manhajojin da za ka buƙata duk ana samun su kyauta: HWiNFO64 don ganin zafi da ƙarfin wuta, Cinebench don auna gudu, OCCT ko Prime95 don matsa wa furosesa, TestMem5 ko MemTest86 don RAM. Ka tanadi filashi guda, sukudireba, littafin madabod, da takarda da biro. Takardar nan ba ado ba ce. Lokacin da allo ya ƙi kawowa, duk abin da ka ajiye a cikin kwamfuta ya shiga duhu tare da ita.

Inda aljihu ke jin jiki shi ne na'urar sanyaya. 'Yar ƙaramar fankar da take zuwa cikin kwalin furosesa an yi ta ne don gudun asali, ba ta da rarar ɗaukar ƙari. Kana buƙatar babbar hasumiyar ƙarfe mai fanka ɗaya ko biyu, ko ta ruwa mai radiyeta 240 mm zuwa sama. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, a nan za ka sa shi. Sai man da ake shafawa tsakanin furosesa da na'urar: idan ya shekara biyu ko uku, goge shi ka sa sabo, ɗigo kamar ƙwayar gero biyu zuwa uku a tsakiya. Akwatin da ke ba kwamfuta wuta (PSU) ma ya zama mai inganci kuma da rara, domin furosesa irin i7-13700K tana iya wuce wat 250 ita kaɗai.

Sauran tsadar ba a hannu ake biyan ta ba: ƙarin wutar da kwamfuta za ta riƙa sha, yammaci biyu ko uku na gwaji, da garanti. Intel da AMD duka sun faɗa a fili cewa garantinsu bai rufe ɓarnar da ƙarin gudu ya jawo ba.

Mataki na 3: Koyi hanyar dawowa kafin ka tafi

Za a kai lokacin da za ka danna F10 don ajiye saiti a BIOS, kwamfuta ta mutu, ta tashi, fankoki su yi ta juyawa, allo baƙi ƙirin, wata 'yar fitila mai rubutun DRAM ko CPU tana ci a gefen madabod. Kowa yana haɗuwa da wannan, kuma ba ƙonewa ba ce. Maganinsa goge saitin BIOS.

Buɗe littafin madabod yanzu ka nemo filogai biyu 'yan ƙanana masu rubutun CLR_CMOS ko CLRTC, a madabod na MSI kuma JBAT1. Yadda ake yi: kashe kwamfuta, zare wayar wuta daga bango, danna maɓallin kunnawa sau biyu don ragowar wuta ta fita, sannan ka haɗa filogan biyu da bakin sukudireba na daƙiƙa goma. Idan babu su ko hannu ba ya kaiwa, cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka bar shi minti biyar. Wasu madabod suna da maɓalli a baya, wannan ya fi sauƙi.

Hattara: idan BitLocker, mai kulle faifai da lambar sirri, yana kunne a Windows ɗinka, ajiye mabuɗin dawo da shi a waje kafin ka taɓa BIOS, don goge saiti ko sabuntawa na iya sa ya nemi lambar. Kuma ka kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani faifai. Dalilin yana mataki na 7.

Mataki na 4: Sabunta BIOS

Sauke na ƙarshe daga shafin kamfanin madabod, na samfurinka daidai harafi da harafi, ka sa a filashi, ka yi ta cikin BIOS ɗin kansa. ASUS na kiran wurin EZ Flash, MSI M-Flash, Gigabyte Q-Flash.

Ga mutum biyu wannan dole ne. Mai Ryzen 7000: a 2023 an samu furosesoci da suka ƙone saboda wasu madabod suna tura wuta da yawa ga SoC, ɓangaren furosesa da ya ƙunshi mai kula da RAM, har AMD ta kafa iyakar 1.30 V ta hanyar sabon BIOS. Mai Intel zuriya ta 13 ko ta 14, wato masu lambar da ta fara da 13 ko 14 kamar i7-13700K: a 2024 Intel ta amsa cewa yawan wuta yana gajiyar da waɗannan furosesoci, ta fitar da gyara mai lamba 0x129, sannan 0x12B. Kada ka ƙara ko ɗigon wuta a kansu sai BIOS ɗinka yana ɗauke da 0x12B ko wanda ya biyo bayansa.

Hattara: ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa na iya kashe madabod. Idan kana da UPS, haɗa. Kada ka danna komai har ta gama ta tashi da kanta.

Mataki na 5: Auna inda kake

Shiga BIOS da Del ko F2, zaɓi Load Optimized Defaults, ajiye. A Windows buɗe HWiNFO64 a shafin Sensors, kunna Cinebench na dukan cibiyoyin furosesa (cores, ƙananan injinan da ke cikinta) na minti goma, sannan na cibiya ɗaya. Rubuta maki, gudun da ta zauna a kai, mafi girman zafi, Vcore yayin aiki, da wat nawa ta sha.

Idan tun yanzu zafi ya haura digiri 85 a ma'aunin Selshiyas, tsaya. Ba ka da wurin ƙari. Duba ƙura, man shafawa, da ko an ɗaure na'urar sanyaya daidai. Na sha ganin wadda aka ɗora da ledarta a ƙasa ba a ɓare ba. Banda Ryzen 7000: su an tsara su ne su riƙa hawa har digiri 95 a aiki mai nauyi, wannan ɗabi'arsu ce.

Mataki na 6: Kunna XMP ko EXPO

Ga amsar tambayar farko. Ba a cuce ka ba. RAM yana tashi ne a gudun da kowane madabod zai iya ɗauka, yawanci 2133 ko 2400 a DDR4, 4800 a DDR5. Lambar jikin kwali tana ajiye a cikin sandar a matsayin saiti da sai ka kunna. Intel na kiran sa XMP, AMD na kiran nata EXPO a DDR5, ASUS na rubuta DOCP a madabod na AM4 (mazaunin Ryzen 5000 da na bayansu), MSI kuma A-XMP.

Fara da duba ramuka. Idan sanduna biyu ne a madabod mai ramuka huɗu, wurinsu A2 da B2, wato na biyu da na huɗu idan ka ƙirga daga furosesa. Wannan kuskure shi ya fi kowane yawa. Mutum zai jera su kusa da juna, ya rasa rabin hanyar da bayanai ke bi, ko ya sa su a A1 da B1, XMP ya ƙi zama, ya ɗora wa RAM laifi.

Shiga BIOS, koma babban shafi da F7 a ASUS da MSI, ko F2 a Gigabyte. Nemo Ai Tweaker, OC, Tweaker ko OC Tweaker, gwargwadon kamfani. Zaɓi Profile 1, danna F10.

Hattara: a DDR5, musamman a AM5 (mazaunin Ryzen 7000 zuwa sama), tashin farko bayan canja saitin RAM na iya ɗaukar minti biyu, uku, har fiye, allo baƙi. Madabod ne yake koyon sabon gudun. Ba shi minti biyar cur kafin ka yanke hukunci.

Da ta tashi, buɗe shafin Memory a CPU-Z. Za ka ga 1800 MHz a RAM mai 3600, ko 3000 a mai 6000. Daidai ne, rabin lambar yake nunawa domin RAM ɗin sau biyu yake aika bayani a kowane bugu.

Masu Ryzen, akwai abu na biyu da ya fi lambar kwali muhimmanci. A 3000 da 5000, a daidaita FCLK, gudun hanyar da ke haɗa sassan furosesa, da rabin gudun RAM: DDR4-3600 da FCLK 1800. Idan ka tura RAM zuwa 4000 alhali FCLK ya kasa bi, sai ka ga lamba ta ƙaru amma kwamfuta ta ƙara nauyi. A 7000 da 9000, wurin zama mai daɗi shi ne DDR5-6000, UCLK (gudun mai kula da RAM) daidai da MEMCLK (agogon RAM ɗin kansa), FCLK kusan 2000. Daga nan duba wutar SoC a HWiNFO64. A AM5 kada ta wuce 1.30 V, kuma 1.20 zuwa 1.25 kan wadatar. A AM4, 1.10 V ya isa mafi yawan lokaci, kada a haura 1.20. Masu Intel da DDR4, ku tabbatar Gear 1 ne, wato mai kula da RAM yana tafiya daidai da agogon RAM, idan gudun bai wuce 3600 ba.

Idan ya ƙi tashi: goge saiti, sake kunna XMP, amma sauke gudun da hannu mataki ɗaya, 3600 zuwa 3466, ko 6000 zuwa 5800. Sanduna huɗu sun fi biyu wahalar ɗauka. Kwali biyu da aka saya a lokuta daban kuma, ko sunansu ɗaya, ƙwayoyin ajiya (chips) da ke jikin sandunan na iya bambanta.

Mataki na 7: Gwada RAM shi kaɗai

Tashin Windows ba shaida ba ce. Furosesa idan ta kasa, faɗuwa take yi ka gani da idonka. RAM kuwa shiru yake ɓarna. Na taɓa matse saitin RAM, Cinebench ya wuce lafiya, wasanni suka tafi, na ɗauka an gama. Bayan mako biyu na zo buɗe wani dunƙulen fayil na hotunan aiki, ya ce ya lalace. Na biyu ma haka. Da na kunna TestMem5, ko minti ashirin ba a yi ba kuskure ya fara fitowa. Duk abin da na kwafa a makonnin nan ta cikin wannan RAM ɗin ya bi, kuma wasu hotunan ban sake ganin su ba. Tun daga ranar ba na taɓa furosesa sai RAM ya fita tas.

Rufe komai, kunna TestMem5 da saitin anta777 Extreme har zagaye uku, ko ka tashi daga filashi da MemTest86 ka bar shi ya gama zagaye huɗu. Kuskure ɗaya tak faɗuwa ce. Babu "ai ɗaya ne kawai".

Idan ya fito, ƙara wutar DRAM da 0.01 ko 0.02 V ka sake. DDR4 mai XMP yawanci a 1.35 V yake, ni ba na wuce 1.40 idan ban san irin ƙwayoyin ciki ba, don wasu ƙara musu wuta ƙara rikita su yake yi. DDR5 ma 1.40 V ce iyakata ta yau da kullum. Idan bai gyaru ba, sauke gudu.

Mataki na 8: Furosesar Intel

Lissafin mai sauƙi ne. Agogon tushe, BCLK, 100 MHz ne. Ana ninka shi da wata lamba, CPU Ratio. 100 sau 48 ya ba da 4.8 GHz. Lambar ninkin kawai za mu taɓa. Bar BCLK a 100, don motsa shi yana jan RAM da wasu sassan tare.

A shafin da ka kunna XMP, mai da CPU Core Ratio zuwa Sync All Cores ko All Core. Sa lambar da ta ɗara abin da ka rubuta a mataki na 5 da ɗaya ko biyu. Misali i5-12600K tana zama kusan 4.5 GHz idan duk manyan cibiyoyinta na aiki, sai ka fara da 47. Ƙananan cibiyoyi, E-core, da Ring, hanyar da ke haɗa cibiyoyi, ka bar su a Auto tukuna.

Yanzu wuta. Mai da CPU Core Voltage daga Auto zuwa Manual ko Override, sa 1.25 V. Kada ka bar shi a Auto bayan ka ɗaga lamba, domin madabod ya fi son ya cika wuta fiye da kima don kada a ce ya faɗi.

Sai Load-Line Calibration. Idan aiki ya yi nauyi, wutar da ke isa furosesa tana ɗan sauka ƙasa da abin da ka sa, wannan saitin ne yake rage saukar. Zaɓi na tsakiya. Hattara a nan: lambobin ba hanya ɗaya suke tafiya ba. A ASUS babbar lamba ce mai ƙarfi, a MSI kuwa Mode 1 ne mafi ƙarfi. Mafi ƙarfin yana iya sa wuta ta yi tsalle sama da abin da kake gani a allo a duk lokacin da aiki ya tsaya farat ɗaya. Saukar nan kaɗan kariya ce, ba cuta ba.

Ajiye, shiga Windows, Cinebench minti goma, sannan OCCT minti goma sha biyar, idonka a kan HWiNFO64. Idan ta wuce kuma zafi bai kai 85 ba, ƙara lamba ɗaya. Idan ta daskare, ko allo ya yi shuɗi da CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT ko WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR, wuta ce ta yi kaɗan, ƙara 0.01 zuwa 0.02 V. Haka za ka yi ta yi, kana rubutawa.

Amsar tambaya ta biyu ke nan: babu lambar da zan ba ka. Yatsun hannu ba daidai suke ba, furosesa biyu masu suna ɗaya wata za ta yi 5.0 a 1.28 V, wata ko an ba ta 1.35 ba za ta yi ba. Kwafar saitin wani daga bidiyo hanyar ɓata lokaci ce.

Yaushe ake tsayawa? Idan Vcore yayin aiki ya kusa 1.35 V, ko zafi ya taɓa 90, ko ka ga ƙarin 100 MHz ɗaya yana neman 0.05 V. Zafi yana tashi ne da ninkin wuta a kanta: daga 1.25 zuwa 1.35 V ƙarin kusan kashi 17 cikin ɗari ne, tun ba a lissafa ƙarin gudun ba. Matakin ƙarshen nan da kyar ido zai ga amfaninsa, kunne kuwa zai ji shi a ƙarar fanka kullum. Koma baya mataki ɗaya ka zauna. Iyakar waɗannan furosesoci digiri 100 ce, a nan suke rage gudu da kansu, kuma idan HWiNFO64 ya nuna Thermal Throttling, wato wannan rage gudun saboda zafi, to 5.1 ɗin da ka rubuta a BIOS suna ne kawai.

Kuma ka kwatanta makin cibiya ɗaya da na mataki na 5. Idan lambar da ka kafa wa duka ta gaza gudun da furosesa take kaiwa da kanta a aiki mara nauyi, ka ci riba a gefe ka yi asara a gefe.

Mataki na 9: Furosesar Ryzen

A nan ba na ba da shawarar kafa lamba ɗaya da wuta ɗaya. Ryzen tana duba zafi da wuta sau da yawa a kowace daƙiƙa tana zaɓar gudunta, kuma ta fi hannunka iya wannan. Aikinka ka rage mata wutar da take nema a kowane gudu, sai ta yi sanyi, sanyin ya ba ta damar hawa.

Shiga Advanced, AMD Overclocking, Precision Boost Overdrive, mai da shi Advanced. Iyakoki uku na wutar da furosesa za ta iya sha za ka gani, PPT, TDC da EDC. A 5800X na asali su ne wat 142, amfiya 95 da amfiya 140. Bar su haka da farko. Buɗe Curve Optimizer, saitin rage wutar, wanda yake samuwa daga Ryzen 5000 zuwa sama, zaɓi All Cores, Negative, sa 10. Gwada. Sai 15, sai 20. A Ryzen 5000 iyakar 30 ce, kuma ba kowace furosesa ke kai wa can ba.

Hattara, wannan shi ne tarkon Curve Optimizer: ba a aiki mai nauyi yake faɗuwa ba. Za ta yi awa guda a Cinebench lafiya lau, sannan ta mutu ta tashi da kanta kana karanta wasiƙa, ko cikin dare ba kowa a gabanta. Dalili kuwa, a aiki mara nauyi ne cibiya ɗaya take hawa ƙololuwar gudu da ƙarancin wuta. Saboda haka gwada da manhajar CoreCycler, ko OCCT a saitin da yake zagaya cibiyoyi ɗaya bayan ɗaya, sannan ka yi kwana biyu kana amfani da ita yadda ka saba.

Idan ta sake tashi da kanta, buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta kurakurai, ka nemi WHEA-Logger mai lamba 18. A ciki akwai APIC ID. A furosesa mai cibiya takwas, raba shi biyu, ka samu cibiyar da ta faɗi, ana ƙirgawa daga sifili. Koma Per Core ka rage mata lambar Negative da 3 ko 5, sauran ka bar su. Yawanci cibiyoyi biyu mafi kyau su ne ba sa ɗaukar ragi mai yawa, don tun daga masana'anta an riga an matse su. Sai komai ya zauna za ka gwada Max CPU Boost Clock Override, wanda yake ƙara har 200 MHz, kuma kowane ƙari yana nufin sake gwaji.

Mataki na 10: Dogon gwaji

OCCT awa ɗaya, Prime95 a Blend awa biyu zuwa huɗu, sannan TestMem5 kuma, domin mai kula da RAM a cikin furosesa yake zaune, zafinta na shafar sa. A can ƙasan HWiNFO64 akwai layin Windows Hardware Errors, dole ya tsaya a sifili. Rufe murfin akwatin kafin ka fara, yadda za ka riƙa amfani da ita. Daga nan kunna wasa mai nauyi awa ɗaya, don katin hoto yana hura zafinsa kan RAM, abin da gwajin furosesa kaɗai ba ya nunawa.

Mataki na 11: Matse lokutan RAM da hannu

Wannan na masu haƙuri ne. Wanda ya tsaya a XMP ya riga ya kwashi mafi yawan ribar.

Lambobi huɗun jikin kwali, kamar 16-19-19-39, su ne CL, tRCD, tRP da tRAS. Kowace tana faɗin bugu nawa RAM zai jira kafin ya yi wani aiki, ƙarama ta fi. Don kwatanta sanduna biyu, ninka CL da 2000 ka raba da gudu. 3200 CL16 ya ba da nanosakan 10. 3600 CL18 ma 10. 3600 CL16 kuwa 8.9. DDR5-6000 CL30 shi ma 10. Ka ga babbar lamba a kwali ba ita kaɗai ce magana ba.

Mutane kan ruga kan CL, alhali shi ya fi taurin kai. A DDR4 ni da tRFC nake farawa, wato tsawon lokacin da RAM ke ɗauka yana sabunta abin da ke cikinsa, don madabod yakan bar shi a sake sosai. Ƙwaya mai 8 Gb ƙa'idarta nanosakan 350, wato 630 a gudun 3600. Sauke shi da 20 ko 30 a kowane zagaye, kana gwadawa. Ƙwayar Samsung da ake kira B-die tana sauka nesa, ƙwayoyin Hynix da Micron da yawa suna tsayawa da wuri, kuma tRFC idan ya yi ƙasa da yawa ba ya gargaɗi, kwamfuta ce kawai za ta ƙi tashi. Bayan shi sai tRP da tRCD, ɗaya-ɗaya, lamba ɗaya a lokaci. CL a ƙarshe, kuma yawanci sai da ƙarin wuta. A AM4, muddin Gear Down Mode yana kunne, CL mara ma'aurata kamar 15 zai koma 16 da kansa, kada ka yi mamaki.

A DDR5, ɗaga tREFI yana ba da riba mai sauƙi. Shi babba ne ya fi, don yana nufin RAM zai daɗe bai tsaya sabunta abin da ke cikinsa ba. Hattara: wannan saiti da tRFC zafi ne maƙiyinsu. Sandunan DDR5 suna da ma'aunin zafi da HWiNFO64 ke nunawa. Idan suna haura digiri 50 a gwaji, kada ka kai tREFI 65535, tsaya wajen 32767, ko ka sa 'yar fanka tana hura su.

Kowane canji, gajeren gwaji na minti talatin. Kowane canji uku da suka wuce, cikakken gwaji irin na mataki na 7. MEMORY_MANAGEMENT a shuɗin allo, wasa da ke rufe kansa ba dalili, ko shafin intanet da ke faɗuwa haka kawai, duk RAM suke nunawa. Koma layin ƙarshe mai kyau a takardarka.

Mataki na 12: Ajiye saitin

A BIOS akwai wurin ajiye saiti, User Profile ko OC Profile. Ajiye ɗaya a ciki, ɗaya a filashi, sannan ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, domin saitin da aka ajiye a tsohon BIOS sau da yawa ba ya buɗuwa a sabo. Rubuta zafin ɗakin ranar da ka yi gwajin. Idan lokacin zafi ya shigo, ko ka ƙara sandar RAM, ko ka sabunta BIOS, sake kunna OCCT da TestMem5 na awa ɗaya-ɗaya, ka kwatanta da makin da ke takardarka.